Ɓawon Gyaɗa Ya Dafa Tuwon Suna

Salamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Hajara mai waina, daga Sabon Gari, Maraɗi.

Ranar sunan jikana ruwa ya kwana yana zuba, iccen da muka tanada duk ya jiƙe. Muna da gawayin ƙasa, wato kwal, amma kun san halinsa, ba ya kamawa da wuri. Baƙi suna ta shigowa, tukunya ko ɗumi ba ta yi ba.

Sai ga ƙanwata Rabi daga Jiratawa bisa kabu-kabu, ta zazzage wasu baƙaƙen dunƙulallun abubuwa kamar fura. Na ce, "Ke Rabi, wannan fa?" Ta ce, "Yaya, ɓawon gyaɗa ne da karan hatsi. Mun ƙona, mun daka, mun cura da kunun rogo."

Mata suka yi ta dariya. Muka jera su cikin murhu daga ƙasa, gawayin bisa. Nan da nan wuta ta kama, ba hayaƙi! Kafin azahar kowa ya ƙoshi, masu dariyar suna roƙon guda-guda.

Don Allah masu sauraro, yaya ake ajiye su kada su marmashe da damina? Ina gaida Rabi da surukaina na Tibiri.