Ranar da Aka Tambaye Ni Mai Jinyata

'Yan'uwa, sannunku cikin sunan Yesu Almasihu. Sunana Ayuba, mai faci a Diko. Ni ne mai zama a bencin baya can. Ban iya tsara magana ba, yadda ta zo haka zan faɗe ta.

Waya ce ta tsohuwar taya ta soke ni a tafin ƙafa. Na zuba mata man birki, na sayi kafso a kemis, na ci gaba da aiki. Ƙafa ta kumbura ta fara wari, zazzaɓi ya kayar da ni. Wani direban tirela ne ya kwaso ni ya ajiye a asibiti a nan Suleja, ya kama hanyarsa.

Likita ya duba ya ce cutar ta shiga jini, ta fi ƙarfin kafso. Sai allura ta jijiya, wani farin gari a 'yar kwalba da ake haɗawa da ruwa, kuma a kan lokaci, ba tsallakewa. Ya ce, "Oga Ayuba, in aka yi wasa da ita, yanke ƙafar nan za mu yi."

Sai nas ta ce, "Ina mai jinyarka?"

Matata ta rasu. Ɗana yana Legas, wayarsa ba ta shiga. Kun san asibitinmu: mai jinya ne ke ɗebo ruwa, shi ke kawo abinci, shi ke sayo magani. Allurar kuwa ta ƙare a ciki, sai an fita wajen get. Kuɗin na ƙarƙashin filona, mai zuwa ne babu. Nas ɗaya ce a ɗakin maza duka, ba ta isa ta fita ba. Lokacin allura ya zo ya wuce ina kallon silin.

Kowane gado da tabarma a gefensa, da fulas, da mai fifita. Nawa siminti ne kawai. Zan faɗa ko da ba daɗi: daga majami'ar nan ban ga ƙeyar kowa ba. Ko ɗaya!

Ran Lahadi da safe na jiyo waƙar wata majami'a daga nesa. Haushi ya cika ni. Na juya ga bango na ce, "Yesu, ni ba mu'ujiza nake nema ba. Mutum ɗaya. Duk garin nan ka rasa mutum ɗaya?" Na yi kuka, ƙaton banza da ni.

Ban gama share fuska ba na ji an taɓa ƙarfen gadon. Wata tsohuwar Bafulatana ce, mai jinyar mijinta a gadon kusa da ni.

"Kai bawan Allah, tun jiya nake kallonka. Ba ka da kowa ne?"

"Babu, Inna."

"To bakinka ma ciwo yake? Kawo takardar maganin."

Ba ta iya karatu ba. Ta ƙulle takardar da kuɗin a bakin zane, ta fita cikin rana, ta dawo da kwalaben. Daga ranar ita ce agogona. Lokaci na yi za ta je ta tsaya a kan nas: "'Yar nan, allurar Kiristana!" Har dariya ake yi. Allurar da zafi in tana shiga, ina cije baki, ita kuwa tana cewa, "Ji rago! Gemu har ƙirji."

Ana tsakiyar magani aka sallami mijinta. Ta naɗe tabarmarta, ta kira wani mahauci mai jinyar yayansa ta ce, "Ga amana. In ya tsallake allura, kai da Allah." Da shi ma zai tafi, ya damƙa ni ga wata mata. Haka aka yi ta miƙa ni hannu zuwa hannu har kwalba ta ƙarshe. Warin ya tafi, kumburi ya sace. Likita ya latsa ya ce, "Ƙafa taka ce." Haleluya!

Inna ban san sunanta ba, ban san rugarsu ba.

Na koma ɗakina, ba wanda ya ce mini sannu da dawowa. Tukunyar da na bari ta yi fumfuna. Amma da ƙafata na shiga, na durƙusa na gode wa Ubangiji.

Kai da kake zaune nan kana ganin ba ka da kowa, kira Yesu ko da cikin fushi ne. Ni cikin fushi na kira, bai yi zuciya ba. Yabo ya tabbata ga sunansa. Amin.