Ƙafar Tabita Ta Warke, Tsoro Bai Tafi Ba

Salama gare ku cikin sunan Yesu, iyayena da 'yan'uwana na zumuntar mata. Ku yi haƙuri in yi magana a zaune, jikin ya gaji.

Kun san 'yata Tabita. Bara, ranar kasuwar Mai'adua, babanta ya ɗauko ta a babur, wata mota ta kwashe su. Shi ƙujewa kawai ya yi, ita ta karye a ƙafa. Aka yi ɗori a asibiti, ƙashi ya kama, muka ce shi ke nan.

Ashe da sauran aiki. Ko murfin tukunya ne ya faɗi, sai ta toshe kunne ta shige bayan ƙofa. Makarantarsu tana tsallaken titi, ta ce ba za ta ba. Na lallasa, na yi faɗa, har goya ta na yi, yarinya 'yar aji uku. Maƙwabta suka ce iska ce. Ni kuwa addu'a ma ta gagare ni. Ranar da na samu na durƙusa, abin da ya fito kawai shi ne, "Ubangiji, na gaji. Kana gani."

Da muka koma asibiti duba ƙafar, aka yi hon a waje, Tabita ta ƙanƙame ni. Wata nas ta lura. Ta zaunar da ita tana tambaya a hankali: tana mafarkin motar? Abin yana dawo mata ko tana wasa? Sai ta ɗauko kofi.

"Tabita, da tsoron nan ruwa ne, ina zai kai a kofin nan?"

Ta ɗora yatsa a bakin kofin, ta ce, "Har yana zuba."

Nas ɗin ta dube ni. "Maman Tabita, wannan ba taurin kai ba ne. Firgita ce, kuma ana shawo kanta."

Ta haɗa mu da likita. Duk zuwa sai a maimaita tambayoyin, har da ta kofin. Wani zuwan yatsan ya sauka, wani zuwan ya koma sama, ni ma zuciyata ta karaya. Bisa shawarar likita, kullum mu je bakin titi, mu tsaya, mu dawo.

Makon jiya ta riƙe hannun babanta ta tsallaka. Babur dai har yanzu ba ta hawa, yau ma da ƙafa muka zo daga bayan tasha.

Na gode wa Yesu da ya ji gajeriyar addu'ata. Wadda ɗanta ya warke a jiki amma ya daina dariya, kada ki fid da rai. Ki dogara ga Ubangiji, ki zaunar da yaron ki tambaye shi. Amin.