Inda Muke Sha Nan Muke Zubarwa

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Sa'idu, manomi daga wajen Tamawa a Kurfi.

Da rani rafinmu yakan ƙafe, sai mata su tona rami cikin yashi su ɗebi ruwan sha. Mun taso ana cewa yashi yana tace komai.

Watan jiya masai ya cika a gidana. Na sa aka kwashe, aka zubar can saman rafi yadda kowa yake yi, don ruwan farko ya tafi da shi. Ba a yi mako ba 'yata Hadiza ta kama amai da gudawa. A asibiti a Dutsin-Ma likita ya ce, "Malam, ina kuke ɗibar ruwa, ina kuma kuke zubar da masai?" Amsar ɗaya ce: rafin.

Hadiza ta tashi, amma gabana bai daina faɗuwa ba. Bayan ni, maƙwabta uku sun kai nasu masai saman rafin, ga hadari ya fara haɗuwa, ga ƙauyuka a ƙasa da mu. Don Allah a nemo mana masani, ina za mu kai wannan ƙazanta? Yau ma da safe na ga mata a bakin ramin da tulunansu.