Agogon Inna ya gani, hanya ta hana

Assalamu alaikum ya Ustaz. Ni ce Halima, daga wani ƙauye a bayan Doka.

Yayana ya aiko wa Innarmu agogon hannu mai basira, wanda ke lura da bugun zuciya. Da damina muna gona ya yi ƙara, ya rubuta a kai ta likita yanzu.

Inna ta ce, "Halima, shi bai san laka ba."

Babu lorin da ya iya fita. A kan tarakta Inna ta cika, ba mu kai asibitin Gadarif ba.

Har yau ina jin ƙarar nan a kunnena. Ƙanwar Inna ma tana da ciwon zuciyar. Masu sauraro, ku ba ni shawara: in ɗaura mata agogon?