Tsakuwar Maigidana

A bencin ƙofar ɗakin aiki na asibiti, wata matashiya ta rungume kular abinci, wani dattijo mai jiran likita yana gefenta.

"'Yata, wa kika kawo?"

"Maigidana ne, Baba. Tsakuwa ce ta toshe masa hanyar ruwan matsarmama har wurin ya harbu. Ga zazzaɓi, ga ido ya koma rawaya."

"Ni ma an yi mini bara. Ta baki suke zura siririn bututu mai kyamara, su buɗe hanyar, su jawo tsakuwar. Ko yanka babu. Wannan kular fa? Ai ba a ci kafin aiki."

"Ƙwace ta na yi. Surukata ce ta kawo, har da jiƙon maganin shawara, wai a mayar da shi gida. Na ce babu inda za shi sai an yi aikin nan."

"Kin kyauta."

"Tunda ta ji an ce tsakuwa, ta ce ni ce ba na tsince shinkafa. Ni da nake tsinta har idona ya yi ruwa. Ana gamawa zan karɓi tsakuwar nan a kwalba, in ajiye mata a gabanta."

Dattijon ya murmusa. "A jiki take haɗuwa, ba ta abinci ba ce. Kuma ba za ki gan ta ba, cikin hanji suke sakinta ta wuce."

Ta ƙara matse kular.

"To, ta riƙe zarginta, Baba. Ɗan nata zan ajiye mata a gabanta, da farin idonsa."