Motata Ta Ƙi Tashi a Gaban Baba

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barkanka da aiki. Ni ne Mustafa direba, daga Diffa.

Ina da tsohuwar mota da nake ɗauko tattasai daga bakin Komadugu, kuma da ita nake kai mahaifinmu duk inda za shi. Yanzu wata rana ta tashi, wata rana in murza makulli in ji ƙas kawai. Na sake batir, makanike ya bi wayoyi. In tana garaji kuwa, lafiya lau take tashi.

Ran Juma'a zan kai Baba suna a Gagamari, har ya shiga ya zauna, ta ƙi. Sai ga ƙanena Bukar da sabuwar motarsa. Baba ya sauka ya ce, "Mustafa, ka huta, daga yau Bukar zai riƙa kai ni." Ina kallo yana shafa kujerar, yana sa masa albarka. Wallahi kishi ya hana ni cin abinci ranar. Suna ɓacewa na murza, ta tashi!

Makanikai masu saurare, don Allah me ke damunta? Ku taimake ni, so nake Baba ya dawo motata.