Motar Baba Tana Ɗigar Baƙin Mai

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki.

"Malama, an gama." Haka wani bakanike a Kurmin Mashi ya ce mini jiya. Tsohuwar motar marigayi Babana ce ke ɗigar baƙin mai. Na shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta, na ga ta bayan inji yake zuba. Shi kuwa a gaban injin ya shafa sabulu, wai ya toshe yoyon. Da na nuna masa kwalin, sai ya ce in turo maigidana su yi magana.

Ba ni da miji. Kawuna kuma ya rantse, in yoyon bai tsaya ba, sayar da ita zai yi. Na rufe ƙofarta, na tako gida da ƙafa.

Jama'a, ku ba ni shawara. A jami'a ba a koya mana inda ake aron miji ba.